Katin Karatun Minori

Osaka, 12 ga Mayu, 1983

Goggo Tomie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma gwiwar nan ta sassauta miki tunda ɗumi ya shigo. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙafafu da har yau ba su saba da tsayuwar masaƙa ba. Mu shida ne a ɗaki, duk mata, kuma kamar yadda na gaya miki, ba a yarda yaro ya kwana a gidan ma'aikata.

Yau wata ɗaya da kwana tara da na bar miki Minori a tashar jirgin ruwa. Ban san bakin da zan gode miki da shi ba. Ke da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, da kin ce ba za ki iya ba babu mai ganin laifinki. Tun rasuwar mijina Yoshito kowa ke ba ni shawara, ke kaɗai kika ba ni ɗaki.

Abu ɗaya ke damuna, Goggo. Minori ta shiga aji uku, kuma karatunta tun bara da rauni. Na san makaranta za ta ba ta katin nan na karatun gida, wanda yaro ke karanta shafi da ƙarfi kullum, babba ya saurara ya buga hatimi. Don Allah ki riƙa zama da ita ko na minti goma ne. Kin san Inna, mahaifiyar Yoshito, ba ta so na kawo ta tsibiri ba. Ta ce jikarta za ta tashi da warin kifi babu boko a kanta. Ba na son ta sami abin faɗa.

Ran Lahadi na bugo waya shagon Kubo, ya ce ya aika a kira ki ba ki zo ba. Lafiya dai?

Ki shafa mini kan Minori.

Taki,
Chizuru

*

Naru, 24 ga Mayu

Chizuru,

Na sami wasiƙarki, na gode. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ni da ita mun saba. Minori lafiya lau. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba, tana cin shinkafa kwano biyu, kuma ta daina tsoron kaguwa.

Maganar waya, ki bar ta. Daga nan zuwa shagon Kubo gangara ce, dawowa kuma hawa, ga shi Kubo ya kafa kunne yana jin sirrin mutane. Ki rubuto, takarda ba ta da gaggawa.

Kati kuwa an ba ta, yana rataye a jikin kalanda. Kullum idan ta dawo ta zauna gabana ta buɗe littafi ta yi ta yi har ƙarshen shafi, ni kuma in buga hatimi. Ko rana ɗaya ba mu tsallake ba. Ki gaya wa surukarki ta kwantar da hankalinta, mu ma nan tsibiri mun san inda gaban littafi yake.

Yarinyar nan ta zame mini hannun dama. Ita ke amsa ƙofa, ita ke zuwa shago, ita ke tsayawa da mai kifi. Ko coci muka je, a hanyar dawowa ita ke maimaita mini abin da Fada ya ce. Ban san yadda na yi shekarun nan ba tare da ita ba.

Ɗana Katsumi ya rubuto daga Nagasaki, ya sake tayar da zancen gidan tsofaffi, wai akwai lambu. Na ce masa ina da lambu.

Ki riƙa jiƙa ƙafarki a ruwan ɗumi da gishiri.

Goggonki,
Tomie

*

Osaka, 21 ga Yuli

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da zafin nan. Ni lafiya. Ba zan sami zuwa hutun Agusta ba, sababbin ma'aikata mu aka bar wa injuna.

Zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba tare da kewaye-kewaye ba. Jiya na sami wasiƙa daga Malama Hirayama, malamar ajin su Minori. Ta ce duk zangon nan, in aka tayar da Minori ta karanta, sai ta tsaya ta ƙura wa littafi ido har a ce ta zauna. Da ta keɓe ta su biyu, ta tarar ko layi uku ba ta iya haɗawa, haruffan da aka koya musu a aji biyu ma rabinsu sun zube. Amma katinta, in ji Malama, ya fi na kowa cika a ajin: hatimi kullum, kuma kullum a gurbin "ya yi kyau ƙwarai". Ta ce sau biyu tana aiko miki da saƙon baki ta hannun Minori ki zo makaranta, ba ki je ba.

Goggo, me ke faruwa? Na koma na sake karanta wasiƙarki ta Mayu, sai yanzu na lura da abin da ke ciki. Ita ke ƙofa, ita ke shago, ita ke mai kifi. Shekararta takwas. Yaushe take da lokacin littafi? Ban ce kada ta taimaka miki ba, amma ban kawo ta aikatau ba.

Idan kina buga hatimin ne don a rabu da zancen, ki faɗa mini gaskiya. Na fi son kati babu komai a kai da kati cike da abin da ba a yi ba.

Ki yi haƙuri in na yi kaushi.

Chizuru

*

Naru, 2 ga Agusta

Chizuru,

Muna lafiya. Zafi ya yi yawa, kabewa ta ƙone.

Shekarata saba'in da ɗaya, ba a taɓa ce mini maƙaryaciya ba sai a takardarki. Na ce yarinya tana zama gabana kullum da littafi, kuma tana zama. Da idona nake ganinta. Saƙon Malama kuwa bai iso ni ba.

Aikatau kika ce. To.

Wataƙila dai na ɗauki abin da ya fi ƙarfina. Na tsufa, akwai abin da ba na iyawa yanzu. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Tomie

*

Osaka, 13 ga Agusta

Goggo,

Ina gaishe ki. Na karanta 'yar takardarki ya fi sau goma. "Na ɗauki abin da ya fi ƙarfina." Wato kin gaji da ita ke nan? In haka ne ki fito fili ki faɗa, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Riƙon ɗan wani ba wasa ba ne.

Sau uku ina bugo waya makon nan. Na ukun Minori ce ta zo. Na ce ina Goggo, ta ce tana aiki. Na ce kina karatu? Ta ce e. Na ce karanta mini abin da ke rubuce a jikin kwalin da ke gabanki. Ina jin numfashinta, ina jin Kubo yana ce mata "yi magana mana, uwarki ce," sai ta ajiye wayar. Na tsaya a cikin rumfar wayar nan har wata mata ta ƙwanƙwasa gilashi.

Inna ta ji labari, ban san ta ina ba. Ta rubuto daga Sasebo ta ce ɗakin Yoshito yana nan a share, makaranta tana bayan gidanta, kuma ita da kanta ta koyar shekara talatin. Ban amsa mata ba. Kin san in Minori ta shiga gidan nan, sai na nemi izini kafin in ga 'yata.

Ki ba ni amsa kafin ƙarshen wata: kina son ta zauna, ko in nema mata wani wuri?

Chizuru

*

Osaka, 19 ga Satumba

Goggo,

Ina fata guguwar tekun da ta ratsa ta wajenku ba ta yi muku ɓarna ba. Na ji a rediyo an dakatar da jirage, na kira Kubo layin ba ya shiga. Ofishin gunduma sun ce mini babu wanda ya rasu a Naru, da wannan na samu na iya cin abinci.

Mako biyar ke nan ina jiran amsarki. Ta makon guguwa na yi miki uzuri, amma makonni huɗun da suka gabace ta fa? Na ɗauki shirun a matsayin amsa.

Jiya na rubuta wa Inna na ce na yarda. Za ta zo ranar uku ga Nuwamba, ranar hutu ce, ta tafi da Minori. Ta ce za ta yi wa makarantar can magana tun yanzu. Ki haɗa mata kayanta, rigunan sanyi suna cikin akwatin da na bari.

Na gode da abin da kika yi. Ba na son mu ɓata.

Chizuru

*

Naru, 16 ga Satumba

'Yata Chizuru,

Muna raye, muna lafiya. Iska ta ɗauke rufin rumfar itace da rabin dankalin da na shanya, shi ke nan. Ban san ranar da jirgi zai ɗauki wannan takarda ba, an ce gadar tasha ta karye. Amma yau zan rubuta, don in na bari gobe zan sake jin kunya.

Chizuru, ba na ji. Kunnena ya mutu.

Tun zazzaɓin da na yi a sanyin bara ya fara, kamar an cusa mini auduga. Lokacin da kika kawo Minori ina ɗan ji da na hagu in an matso. Kafin Yuni ya tafi gaba ɗaya, sai dai ƙarar jirgi in ya yi kusa. Mutanen nan sun san ni da rashin son hira da ɗaga murya, don haka babu wanda ya lura. Ina kallon baki, ina gyaɗa kai. Na ɓoye ne saboda Katsumi. Ranar da ya sani, ranar zai zo da mota.

Ranar guguwa, da hantsi, aka yi shela a lasifikar gari kowa ya tafi zauren coci. Ni ina kicin ina yanka dankali. Malama Hirayama ta raka yara zaure, Minori ta duba ba ta gan ni ba, ta fizge ta fita cikin ruwan, Malama ta biyo ta. Daga baya Malama ta ce mini ta tsaya a bayana ta kira sunana sau huɗu da iya ƙarfinta, ni ina ta yanka. Sai da Minori ta zagayo ta gabana ta kama hannuna.

A zauren, Malama ta yagi takarda ta rubuta: "Tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta rubuta: "To wa ke sauraron karatun?" Na ce ina ganin bakinta yana motsi, yatsanta yana tafiya, na ɗauka karatu ne. Gaskiya tun da wasiƙarki ta Yuli ta zo na fara zargi, don na lura yatsan yana gudu fiye da yadda ido zai bi. Tsoro ya hana ni tambaya, sai na huce a kanki.

Malama ta juya ga Minori. Na ga yarinya tana magana tana kuka, ban san me take cewa ba, sai da aka rubuta mini. Ga shi yadda yake, takardar tana hannuna:

"Na san Goggo ba ta ji tun sati na biyu. In aka sani Kawu Katsumi zai tafi da ita, ni kuma ban san inda za a kai ni ba. Shi ya sa ban kawo saƙon ba."

Malama ta tambaye ta to me take faɗa in ta buɗe littafin. Ta ce wani lokaci lissafi take rerawa, wani lokaci abin da aka ci a makaranta. Ta ce: "Wani lokaci da Baba nake magana."

Wata biyar yarinya tana zaune gabana tana magana da ubanta, ni ina buga mata hatimi.

Da na ce na ɗauki abin da ya fi ƙarfina, kunnen nake nufi, ba Minori ba. Kin tambaye ni ko ina son ta zauna. Ina so. Ban amsa ba ne don amsar sai ta haɗa da wannan.

Mun fara sabon tsari tun jiya. Kunnena ne ya mutu, bakina da idona suna nan. Ni nake karanta layi da ƙarfi, ta maimaita, yatsanta a kan harafi, tafina a bayanta. Ina jin muryar a hannuna. In ta tsaya na sani. In ta ci karo da harafin da ba ta sani ba ta ƙwanƙwasa tebur, in faɗa mata. Jiya layi biyar muka yi, ta ƙwanƙwasa sau goma sha tara.

Kada ki yanke komai sai kin ji daga gare mu.

Goggonki

*

Osaka, 28 ga Satumba

Goggo,

Wasiƙarki ta sha shida sai jiya ta iso. Tawa ta sha tara na san tana hannunki yanzu. Sun wuce juna a hanya. Da na ƙara haƙurin kwana tara!

Ki yafe mini. Na kira ki maƙaryaciya, na ce kin mai da 'yata 'yar aiki, alhali ku biyun kuna riƙe da juna ne. Na karanta a wurin cin abinci, da na kai inda take magana da babanta sai da wata abokiyar aikina ta fitar da ni waje.

Da rana na kira Inna. Na ce mata an sami kuskure, ina son janye maganata. Ta ce wane kuskure? Ban faɗi zancen kunnenki ba, ba nawa ba ne in faɗa. Na ce dai yanzu ana karatu sosai. Ta ce, "Haka aka ce miki a Mayu." Ta ce ta riga ta ga shugaban makaranta, ta sayi tebur, ta saka sabon labule. Ta ce, "Chizuru, ɗana kin kai shi Osaka ya mutu a can ban ce komai ba. Wannan kin ba ni da hannunki, a rubuce."

Za ta zo ranar uku kamar yadda aka yi. Na nemi hutu an hana ni, an ce sai sabuwar shekara. Goggo, ban san abin da zan ce ku yi ba. Ku ci gaba da karatun dai, ko don ta shiga waccan makarantar ba a yi mata dariya ba.

Kin gaya wa Minori?

Chizuru

*

Naru, 19 ga Oktoba

Chizuru,

Muna lafiya, an gyara rumfa. Zancen yafiya ki bar shi, ni na fara.

Na gaya wa Minori ranar da takardarki ta zo. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko littafi ta ajiye a tebur ta kamo hannuna ta ɗora a bayanta.

Kullum ƙarfe huɗu, kafin shayi, minti ashirin. Ko ranar da ta yi mura mun yi, layi uku. Makon farko akwai ranar da ta jefar da littafin ta ce haruffan duk kamar ƙafar kaguwa suke. Na ce to ɗauko kaguwar mu ci gaba. Yanzu muna gama shafi, ƙwanƙwasa ba ta wuce shida ko bakwai. Katin kuma na daina taɓa gurbin "ya yi kyau ƙwarai". Ita ke rubuta haruffan da suka kayar da ita, Malama ta duba da safe.

Wani abu ya fito da ban yi tsammani ba. Tunda asiri ya tonu a tsakaninmu, na yanka tsofaffin kalanda na ce duk abin da take son gaya mini ta rubuta a baya. Da farko kalma ɗaya-ɗaya: "kifi", "Kubo", "ruwa". Jiya ta cika rabin takarda da labarin wata yarinya da ta zage ta a filin wasa, har da abin da ta rama. Ramuwar ba ta da kyau, amma rubutun babu laifi.

Ta fara karanta abin da ba a sa ta ba: kwalin magani, jadawalin jirgi, sunayen da ke maƙabartar coci. Malama ta ce ranar Litinin ta ɗaga hannu a aji. Ta yi tuntuɓe sau biyu, amma ta kai ƙarshe.

Ba ta kamo 'yan ajinsu ba, kada in ruɗe ki. Saura mako biyu. Na wanke rigunan sanyin, ban sa su a akwati ba.

Goggonki

*

Naru, 4 ga Nuwamba

Chizuru,

Muna lafiya. Na san ba gaisuwa kike jira ba, ga yadda aka yi.

Surukarki ta sauka a jirgin safe da baƙar riga da jakar da babu komai a ciki, ta kayan Minori. Na ba ta shayi da wainar dankali. Ta fara magana, ina kallon bakinta ban kama ko ɗaya ba, ba ta buɗe baki sosai. Na ga in na gyaɗa kai zan iya gyaɗa wa abin da zan yi nadama. Sai na ce, "Baiwar Allah, ni kurma ce. Duk abin da za ki faɗa, Minori za ta rubuta mini."

Ta ajiye kofin. Sannan ta yi magana, Minori ta jawo takardar kalanda ta rubuta ta miƙo mini: "Kurma aka bar wa jikata."

Na ce, "E. Uwarta ba ta sani ba, ni na ɓoye."

Ta sake magana. Na ga fensir ya tsaya a hannun yarinyar, sannan ta rubuta a hankali: "A haɗa kayanta. Jirgin ƙarfe biyar za mu bi." Da hannunta ta rubuta, Chizuru, ta miƙo mini.

Na ce to, amma saura awa shida, a ci abinci tukuna. Aka ci. Ta zagaya gidan, ta duba inda Minori ke kwana, ta shafa yatsa a kan taga. Ta ciro katin daga jikin kalanda ta karanta tun daga Afrilu. Ta ga inda hatimi ya yi layi a gurbin yabo, ta ga inda ya daina.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan, jaka ta cika tana bakin ƙofa. Minori ta dubi agogo, ta je ta zaro littafinta daga cikin jakar, ta zauna a tebur, ta kamo hannuna. Ban sa ta ba. Na ce a raina ko na ƙarshe ne a yi shi.

Surukarki ta zo ta rufe littafin. Ta ciro wata takarda daga jakarta ta hannu, ta makarantar Sasebo ce, dokoki da jerin abin da yaro zai zo da shi, ta ajiye gaban yarinyar. Minori ba ta taɓa ganin takardar ba, kuma rubutun manya ne. Na ji bayan Minori ya ƙame a tafina. Sannan muryar ta fara.

Ta ƙwanƙwasa a layi na biyu, na faɗa mata. Ta ƙwanƙwasa a na huɗu. A na shida ta tsaya ba ta ƙwanƙwasa ba, na ji shirun ya yi tsawo, na buɗe baki, sai muryar ta dawo, ta warware shi da kanta. Sau tara ta nemi taimako kafin ƙarshen takardar. Ta ƙarshe ban riga na duba ba na ga bakin surukarki ya motsa, ita ta ba ta.

Da aka gama ta yi magana, Minori ta rubuta: "Karatunta bai kai na aji uku ba." Ta kuskure harafi ɗaya a ciki. Matar nan ta karɓi fensir ta gyara, ta sa ta sake rubuta shi sau uku. Daga nan ba ta mayar da fensirin ba, ta ci gaba da rubuta mini da kanta.

"Kwana nawa kuna haka?"

Na ce hamsin, da na yau.

"Ba fashi?"

Na ce ba fashi.

Ta dubi Minori ta tambaye ta wani abu. Yarinyar ba ta amsa da baki ba, ta rubuta ta ajiye a tsakiyar tebur yadda mu biyu za mu gani: "Ina son zuwa gidan Kaka da hutu. Yanzu ban gama littafin ba."

Aka busa ƙahon jirgi, wannan ko ni na ji shi a ƙirjina. Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa da jakar nan a gabanta, har na ce ɗauka za ta yi. Sai ta dawo ta durƙusa ta rubuta sharuɗɗa uku. Za a bar Minori zuwa ƙarshen shekarar karatu a Maris, sannan ta zo ta sake gwada ta da kanta, in ba ta gamsu ba babu sauran magana. Minori za ta rubuta mata wasiƙa duk mako, ita kuma ta dawo da ita da gyara. Na uku, in gaya wa Katsumi in ga likita kafin sabuwar shekara, in ba haka ba ita za ta gaya masa, don ba za ta bar jikarta a gidan da ba a jin shelar guguwa ba.

A nan ba ta yi ƙarya ba. Na sa hannu.

Ta zazzage kayan a kan tabarma, ta ɗauki jakarta. Mun raka ta tasha da gudu-gudu, ni da gwiwata. Ba ta waiwayo ba sai da jirgi ya juya, sannan ta ɗaga hannu sau ɗaya.

Ba a ba mu ita ba, Chizuru, aro aka ba mu zuwa Maris. Kuma ban san abin da Katsumi zai yi ba.

Goggonki

*

Osaka, 10 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Minori. Lafiyata ƙalau, yau na ci abinci har na ƙara.

Kada ki rubuta wa Katsumi tukuna. An ba ni kwana biyar daga ashirin da tara ga Disamba. Zan sauka Nagasaki in same shi da kaina kafin in hau jirgi, kuma zan nemo likitan kunne a can. Zan gaya masa in ya ɗauke ki, ba uwarsa kaɗai ya ɗauke ba. Inna ta ce kafin sabuwar shekara, ashirin da tara kafin sabuwar shekara ne. Na kira ta na yi godiya. Ta ce wasiƙar Minori ta farko ta iso, kuskure goma sha ɗaya. Ta karanta mini ita a waya sau biyu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A aji biyu ma an ba Minori kati, a nan Osaka, shekarar da Yoshito ke kwance. Ni nake buga hatimin. A tsaye nake bugawa a bakin ƙofa, takalmi a ƙafata, ina sauri in kama jirgin ƙasa zuwa asibiti. Takan ce, "Mama, ban karanta ba tukuna," in ce ba komai, gobe. Kunnuwana biyu lafiyarsu ƙalau, Goggo. Ban taɓa zama na saurare ta ba ko sau ɗaya. Da na rubuta miki waccan wasiƙar ta Yuli, na san wannan, na rubuta duk da haka.

Ki ce wa Minori kada ta yi sauri ta ƙare littafin, ta rage mini ko shafi biyar ne. Jirgin da zan biyo yana isowa uku da rabi. In ya makara, ku jira ni, kada ku fara.

Taki,
Chizuru